Igiya Ɗaya da Surukina a Kan Haƙorin Sama

Yabo ya tabbata ga wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata duwatsu, ya yi wasu wurare don mutane, ya yi wasu don iska da gaggafa, sannan ya ba ɗan Adam ƙafa mai ƙaiƙayi har ya kai kansa inda ba a gayyace shi ba. Ni ne Jatau baduku, mutumin Gangarawa, garin da in ka cire rimi babu abin da ya fi suri tsawo. Na ga kogin da ya daskare amma yana tafiya, na ga ranar da ke ƙona fuska alhali sanyi na cizon ƙafa, na ga tukunyar da ke tafasa tun safe wake ya ƙi nuna. Duk waɗannan ba su rikita ni ba kamar ranar da aka ɗaure ni a igiya ɗaya da uban matata. Ku gyara zama, wanda ke da suruki kusa ya ɗan matsa.

Surukina Malam Jibo falke ne mai fataucin kanwa, dattijo gajere, mai kaifin ido da taurin kai. Ɗansa na fari, Korau, sun yi sa-in-sa wata rana a kan wani jaki da ya ɓata, dattijon ya faɗi magana mai zafi, yaron ya saɓa rigarsa ya fita. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kun san yadda ake yi da ɗan fari, ko a da Malam Jibo bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce "wancan yaron". Shekaru suka yi ta wucewa yana cewa babu ruwansa, amma duk ayarin da ya sauka a gari shi ne farkon zuwa zango.

Ana nan sai wani baƙo ya kawo labarin wani dutse a bayan Tekun Gishiri, ana ce masa Haƙorin Sama. Wai duk wanda ya tsaya a ƙololuwarsa zai ga wanda ya ɓace masa, ko a raye ko a kabari. Washegari Malam Jibo ya fara gyaran mangala.

Matata Tasalla ta same ni a rumfar aiki idonta jawur. Ta ce, "Maigida, Baba ya ƙudura. In ya tafi shi kaɗai ko gawarsa ba za mu gani ba. Ka bi shi."

Na ce, "Ni? Haba Tasalla! Ni da in na hango shi a lungu sai in canja lungu?"

Ta ce, "Ban ce ka nemo mini Yaya ba, na daɗe da haƙura. Baba dai, ka dawo mini da shi da ransa."

To, me zan ce? Na ajiye basilla na bi.

Ba zan gajiyar da ku da duk abin da muka gani a hanya ba. Yana gaba ina baya, in zai yi mini magana sai ya dubi jaki ya ce, "A tsaya a nan." Ni kuma in dubi ƙasa in ce, "To, Baba." In za a ci abinci in zagaya bayan itace. A haka muka ƙetare Tekun Gishiri a jirgi, baya da baya, kowa yana amai ta ɓangarensa cikin mutunci. Muka shiga wani birni inda dokarsu ita ce baƙi su ci a akushi ɗaya a gaban sarki, wanda ya ƙi an ɗauka ya raina gari, sai a yanke masa kunne. Aka ajiye mana akushi ni da surukina. Na ga hannunsa ya tsaya, nawa ma ya tsaya, dogari ya fara shafa wuƙa. Sai na yi wuf na ce azumi nake yi na alkawari. Tabɗi! Suka ce waliyyi ya sauka garinsu, suka sa masu gadi a ƙofata don kada wani ya kusanto ni da abinci ya ɓata mini ibada. Kunnena dai ya tsira, amma da muka bar garin sai da na ƙara huda a ɗamarata.

Daga nan ƙasa ta fara tashi tsaye. Itatuwa suka gajarce, suka ƙare. Muka iso wani ƙauye mai suna Saldo, gidajensu na dutse, mutanensu jajaye masu faɗin ƙirji, suna sanye da fatu har kunne. A bayan ƙauyen na ɗaga kai ina neman inda dutsen ya ƙare, hulata ta faɗi ban ga ƙarshensa ba. Fari fat, tsaye, kansa ya shige gajimare. Na saci kallon ƙafafun Malam Jibo ko za su juya, na ga sun ƙara kafewa.

A Saldo ba a hawan Haƙori sai da izinin wata mace da suke kira Uwar Igiya. Sunanta Wurda, tsohuwa ce busasshiya, hannunta ɗaya yatsa uku ne. Ta dube mu sama da ƙasa ta ce sai mun zauna mun koyi tafiya.

Malam Jibo ya ce wa bango, "A gaya mata tun kafin a haife ta nake tafiya."

Ta ce a gaya wa tsoho tafiyar kwari ya iya, a nan jariri ne.

Muka zauna wata da watanni, har muka iya harshensu gwargwadon ciniki da faɗa. Ni dai tunda nake ban taɓa shiga makarantar da komai nata yake a juye ba kamar wannan. Aka ɗaura mana haƙoran ƙarfe a ƙarƙashin takalma, aka ce mu riƙa tafiya ƙafa a buɗe kamar wanda aka yi wa kaciya, don kada haƙoran su kama wando. Aka ba mu wani gatari mai doguwar ƙota, bakinsa ɗaya tsini ɗaya faɗi. Na ce ina itacen da za a sara? Wurda ta ture ni a kan gangaren ƙanƙara ba sallama. Na tafi suuu ina salati, tana ihu daga sama, "Juya ruf da ciki! Kafa tsinin! Danne da ƙirjinka!" Na kafa, na tsaya, bakina cike da ƙanƙara. Ta ce in hau a sake. Ranar na faɗi har na daina jin haushi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hawa da sauka. Sai mu wuni muna hawa, numfashi kamar zai fita, mu kai wani wuri mai kyau, in ce alhamdulillahi an rage hanya. Sai ta ce a koma ƙasa a kwana. Gobe a wuce nan kaɗan, a sake komawa. Na ce, "Inna, wai mun yi mantuwa ne kullum?" Ta ce iskar sama siririya ce, jini ba ya karɓarta sai an yi ta gabatar da su a hankali. Na ce to. Ban gane ba, amma na ce to.

A kan dutse tsaye kuwa ta koya mana cewa gaɓa uku su riƙe, ɗaya ta nemi wuri, kuma kada mutum ya rungumi dutse, ya tsaya a kan ƙafarsa. Ni da tsoro ya kama ni sai in manne, ita kuwa ta yi ta zungurina da sanda. Ta koya mana ƙullin igiya da safar hannu a hannu, ido a rufe. Nan kam na yi fice, aikin baduku ne. Ta nuna mana kogin da ya daskare, mai tsagogi masu zurfin da in ka jefa dutse ba ka jin saukarsa, dusar ƙanƙara ta rufe bakinsu ta yi lumui kamar ba komai. Sai ka soka gatari kafin ka taka.

Duk wannan da mijin Wurda nake ɗaura igiya, surukina kuma da ita. Na yi ta dabara ina kaucewa. Rannan ta kira mu ta ce, "Mutanen Saldo ba ma taka kan Haƙori. Zan kai ku wurin da muke kira Kafaɗa in tsaya. Daga nan ku biyu ne, igiya ɗaya."

Na ja ta gefe na ce, "Inna, a taimaka a sake shawara."

Ta ce, "Maƙiyinka ne?"

Na ce, "Subhanallahi! Uban matata ne."

"Ya cuce ka?"

"'Yarsa ya ba ni."

"To me ya sa ban taɓa ganin ka dubi fuskarsa ba?"

Na ce, "Ai girmamawa ce."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira maƙwabta ta ba su labari, su ma suka dara. Da ta gama sai fuskarta ta canja. Ta kama habata da yatsunta uku ta ce, "Saurara, ɗan kwari. Dutsen nan yana shanye hankalin mutum kafin ya kashe shi, kuma wanda ake shanyewa ba ya sani. Leɓensa zai yi shuɗi, hancinsa ya yi fari, idonsa ya koma na mashayi. Shi ba ya ganin fuskarsa, kai ne madubinsa. Duk inda kuka tsaya ka zura masa ido. Ka ci a gabansa, ya ci a gabanka, ko ba kwa jin yunwa. Ku sha ruwa ko ba ƙishirwa. In inuwarka ta dawo ƙarƙashin ƙafarka, ku juyo, ko da hannunka na taɓa ƙololuwa. Ka ji?"

Na ce na ji.

"Saura ɗaya. Bayan Kafaɗa hanyar siririya ce, rami dama rami hagu. In ya faɗa dama, kai ka faɗa hagu."

Na ce, "In me?"

"Ka yi tsalle ka faɗa ɗaya ɓangaren."

Na ce, "Inna, mutum ɗaya ya faɗi, maganin shi ne a zama biyu?"

Ta ce, "Igiyar za ta rataya a kan dutsen, nauyinka ya riƙe nasa. In ka tsaya kana ja, zai tafi da kai."

Na koma masauki kaina yana juyawa. A garinmu an koya mini kada in kalli suruki, kada in ci a gabansa, kada in ɗaga masa murya. A nan an ce in ban yi duka ba na kashe shi. Na rasa wanne ne rashin kunyar.

Muka tashi. Muka bi kogin da ya daskare muna soka gatari, muka kwana a bukkokin dutse da suka gina a hanya. A bukka ta ƙarshe ne muka ɗora wake, ruwa ya yi ta tafasa, waken nan yana nan kamar tsakuwa. Wurda ta ce haka wuta take a sama, ba ta da ƙarfi. Da gari ya fara wayewa ta tashe mu. Sanyi kuwa ba a magana. Na ce a bari hantsi ya fito mana, mu ɗan sha rana jiki ya saki. Ta ce rana ce ke sakin duwatsun da ƙanƙara ta riƙe, duk wanda ya jira hantsi a nan, dutse ne zai gaishe shi a ka. Wai ka ji, ƙasar da ake gudun rana a cikin sanyi.

A Kafaɗa ta ɗaura mana igiyar da hannunta, ta shafa mana baƙin tukunya a ƙarƙashin ido saboda ƙyallin ƙanƙara. Ta ce wa zai shiga gaba? Ai wannan ba tambaya ba ce, ina ni ina shiga gaban Baba. Ta zauna a bayan wani dutse ta lulluɓa da fata ta ce tana nan.

Hanyar kuwa kamar kan katanga, faɗinta bai fi a ajiye ƙafa biyu ba. Na leƙa dama na ga gajimare a ƙasa da ni. Na leƙa hagu na ga wani gajimaren. Na daina leƙe. Na kafa idona a dugadugan Malam Jibo, wanda dama nan ne idona ya saba zama. Taku kaɗan sai mu tsaya mu yi ta haki. Kaina yana sarawa kamar ana daka a ciki.

Da muka samu ɗan wuri mai faɗi sai ya ce wa iska, "A huta." Ya zauna ya ba ni baya, na zauna na ba shi baya. Na ciro busasshen nama da kitse na tura a baki a ɓoye, ina tauna a hankali kada ya ji. Na ce a raina ai shi ma ci yake yi. Maganar Wurda ta faɗo mini, na ce bari in duba fuskarsa. Na juyo da wuya, idona ya kai kafaɗarsa, ya kai gemunsa, sai ya ƙi wucewa. Wallahi ƙi ya yi. Na ce, "Sannu, Baba."

Ya ce, "Yawwa."

Na ce a raina wanda ya iya cewa yawwa ai lafiyarsa ƙalau.

Muka ci gaba. Daga nan abubuwa suka fara cakuɗe mini. Gajimare ya taso ya rufe mu, sama fari ƙasa fari, na rasa ko hawa nake ko sauka. Na ga wata mai fura zaune a kan ƙanƙara da ƙwaryarta, tana kore ƙuda. Har na buɗe baki zan ce a dama mini, sai na tuna babu ƙuda a ƙasar nan, na ƙifta ido ta ɓace. Na ji ana kiran salla ta ƙarƙashin ƙafata. Na ce Jatau, kama kanka. Na dubi ƙasa don in ga inuwata, na ga ta taƙure ta kusa shigewa ƙarƙashina.

Sai gajimaren ya yaye, ga ƙololuwa nan, ba ta fi jifa ba. A daidai nan Malam Jibo ya tsaya. Ya cire safar hannunsa ya yar. Ya cire hular fata. Ya ce, "Kai, yau ana zafi." Sannan ya sunkuya ya kwance haƙoran ƙarfe, ya tuɓe takalmi ɗaya, ya tuɓe ɗayan, ya jera su a gefe tsaf.

Na ce, "Baba, da dai an bar takalman."

Ya ce, "A shiga zauren mutane da takalmi? Salamu alaikum! Masu gida, wancan yaron yana ciki?"

Na ce, "Baba, da an ɗan zauna."

Ina! Ya ɗaga ƙafa da safa kawai ya taka ƙanƙara. Ƙafar ta zame. Ban ji ya yi ko ihu ba, sai na ga babu shi, igiya tana bin sa ta dama kamar maciji.

Ba zan ce muku na yi tunani ba. Da na yi tunani da na tsaya ina ja. Jikina ne ya tuna duk turewar da tsohuwar nan ta yi mini. Na rufe ido na ce Bismillahi na faɗa hagu.

Igiyar ta finciko ni a ƙugu har na ji kamar an raba ni biyu. Na bugu da dutse, na yi ta lilo, ƙafafuna a kan babu. Na buɗe ido na ga gajimare a ƙasa, na rufe. Na ce to, yanzu ga ni rataye a nan, ga surukina rataye a can, dutse a tsakaninmu, wannan shi ne maganin da aka ce. Amma igiyar ta riƙe. Gatarina yana ɗaure a wuyan hannu. Na kafa tsininsa, na soka haƙoran takalmi, gaɓa uku su riƙe ɗaya ta nema, ina hawa igiyar tana sassautawa, ina jin nauyinsa yana ƙara sauka ta can. Na tsaya. In na hau ya sauka, in na tsaya mu daskare. Na rasa yadda zan yi, na fara kuka. Can na ji igiyar ta daina ja, ashe ya sauka a kan wani ɗan tudu ya tsaya. Na haye da sauri, na kafa gatarin har ƙota, na naɗa igiyar a jikinsa, na yi ta ja ina ƙullewa, ina ja ina ƙullewa, har kansa ya ɓullo.

A nan na ga fuskar surukina, karo na farko tun ranar ɗaurin aure. Leɓensa shuɗi kamar ya sha baban rini. Hancinsa fari. Idanunsa a buɗe amma ba ni suke kallo ba. Ashe tsoho ne ƙwarai, ban sani ba. Na laluba jakarsa don in ba shi abinci, na same ta cike, yadda aka ɗura ta a Saldo. Gorar ruwansa ma cike, ta daskare. Tun da aka ce za a haɗa mu a igiya ya rage ci ya daina sha, don kada ya ci a gabana, kada kuma fitsari ya kama shi yana ɗaure da mijin 'yarsa.

Ya fara rarrafe zai nufi ƙololuwa, ƙafa ba takalmi. Inuwa ta riga ta shige ƙarƙashinmu. Na ji wani dutse ya ɓalle daga gefe ya tafi yana ƙara.

Na ce, "Baba, a juya."

Bai ji ba.

Na ce, "Baba, don Allah a yi haƙuri a juya."

Ya ture ni yana cewa an ce yaron yana ciki.

Sai na ji wata murya ta fasa dutsen nan, ta ce, "Jibo!" Na waiga in ga wane marar kunya ne, ashe ni ne. Na cafko wuyan rigarsa na ce, "Jibo, zauna! Zauna na ce!" Ya kawo mini duka, na ɗauke shi da mari. Allah ya gani, da wannan hannun. Ya zauna daɓas yana kallona. Na tauna nama da kitse na tura masa a baki da yatsa, ya cije ni, na ƙara turawa. Na narkar da ƙanƙara a bakina na ɗura masa. Na buɗe rigata na cusa ƙafafunsa a cikina, sanyinsu ya sa na yi ƙara. Ina murza hannuwansa ina zaginsa, ina kuka, ina cewa ba za ka mutu a nan ba, me zan gaya mata? Takalmi ɗaya ya bi iska, na tuɓe hulata na naɗe masa ƙafar, na sa masa ɗayan.

Ƙololuwar tana nan a bayana, ko waiwaye ban yi ba. Na goya shi na ɗaure da igiya, na juyo. Yadda na bi kan katangar nan da mutum a baya, kada ku tambaye ni, ban sani ba. Na san dai inda tsoro ya fi yawa na zauna na ja gindi kamar yaro. Yana ta magana a kunnena, ban fahimci ko ɗaya ba. Har na hango wani abu baƙi yana motsi, na ce mai furar ce ta dawo, sai na ji yatsu uku sun kama ni.

Mutanen Saldo suka sauko da shi a cikin fata. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Wurda ta yanke masa yatsun ƙafa da suka yi baƙi, ta ɗaure da ganye. Da ta fito ta same ni a ƙofa ta ce, "Zai tashi. Amma ka sani, wanda ya kai kusa bai kai ba, komawa yake yi. Na ga irinsu da yawa. Suna warkewa su sake hawa, a karo na biyu kuwa dutsen ba ya mayarwa."

Na ce, "To ya zan yi, Inna?"

Ta ce, "Igiya na sani. Wannan kuma naku ne."

Na zauna ina juya abin. In ya farka ya tuna na hana shi kaiwa, zai koma. In ya tuna na mare shi, da wane ido zan zauna a Gangarawa? Ban gama ba sai na ji muryarsa daga ciki, a raunane.

"Jatau."

Na tuɓe takalmi na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Wurda ta biyo ni ta tsaya. Na ce, "Na'am, Baba. Ya jiki?"

Ya ce, "Na ga wancan yaron."

Na ƙara sunkuyar da kai.

Ya ce, "Yana nan da ransa. Ya zama ƙato, ƙarfi kamar sa. Amma halin yana nan, babu kunya ko ta ƙwabo. Sunana ya kira gatsau. Har marina ya yi, ka ga wurin." Ya ɗan yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Ya tauna nama ya ba ni a baki. Ya sa ƙafata a cikinsa. Ya goya ni, Jatau, yana kuka yana zagina. Korau ɗina."

Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba. Wurda ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗago na dube ta, ta rufe.

Ya ce, "Kai kana ina duk wannan?"

Na ce, "Ina baya, Baba. Ina riƙe da igiya."

Ya ce, "Hm. To, Allah ya yi albarka, ba kowa ke da zuciya ba." Ya numfasa. "Da na warke a ɗaura wa jakuna kaya. Na ga abin da na zo gani, Tasalla na can tana jira."

Na ce, "To, Baba."

Na yunƙura zan tashi sai ya ce, "Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Yana goye da ni ina ta ce masa ya yafe mini maganar da na faɗa, ina ta faɗa a kunnensa. Bai amsa ba. Ban sani ba ko ya ji."

Na kafa idona a tabarma. Na ce, "Ya ji, Baba. Ina kusa. Na ji ya ce ya yafe."

Sai ya ja bargo ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suka fara rawa. Ni kuwa na ja da baya na ɗauki takalmina na fita, don bai kamata mutum ya ga surukinsa yana kuka ba.